Tulun da Sista Ta Wanke

Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, kuma har yau Sista kowa ke ce mata, har 'ya'yan cikinta. Ta ajiye farar riga, amma halin asibiti yana nan a jikinta. Duk abin da ba a rubuta ranar lalacewarsa a gefe ba, a wurin Sista shara ne.

Babban ɗanta ya je karatu wata ƙasa a gabashin Asiya, ya dawo da digiri da mata. Sista ta karɓi yarinyar hannu bibbiyu. Shekara uku da auren, Amarya take kiranta, tana tsokanarta da cewa ta fi tsinke rama. Tana sonta har cikin rai, sai dai ba ta taɓa zaunar da ita ta tambaye ta yadda ake rayuwa a gidansu ba.

Autar Sista a ɗakin karatu na jami'a take aiki. Kowace Asabar jami'ar kan buɗe wani zaure kyauta ga mutanen gari, malamai su yi bayani a kan tarihi da al'adun ƙasashen Asiya.

"Sista, ki zo mana ko sau ɗaya," in ji Auta. "Ga surukarki 'yar can ce."

"Da furfurar tawa zan koma aji? Mutum ai mutum ne ko'ina. Ki bar ni da makarantarku."

Ranar da Amarya ta haifi 'ya mace, Sista ta karɓi makullin gidan don ta gyara kafin a sallamo mai jego. Ta goge tagogi, ta wanke labule. A can ƙasan kabad ɗin kicin ta ci karo da wani ɗan tulu mai ruwan ƙasa, an ɗaure bakinsa da ƙyalle. Ta buɗe. Wani baƙin ruwa ne mai kauri, warinsa har ƙwaƙwalwa, gishiri ya daskare a gindinsa.

"Ga jaririya za ta shigo, ga ruɓaɓɓen abu a kicin," ta ce ita kaɗai.

Ta tuttular da shi a wurin wanke-wanke, ta dirje tulun da soso da ruwan zafi har sau uku, ta shanya. Da ya bushe ta zuba sukari a ciki, tana jin daɗin aikinta.

Amarya na dawowa ta miƙa wa mijinta jaririyar ta nufi kicin, ta ce miya za ta haɗa. Jim kaɗan Sista da ɗanta suka bi bayanta. Suka same ta zaune a ƙasa, tulun a cinyarta, tana kallon sukarin. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ma ɗago ba.

"Na mahaifiyarta ne, Sista," ɗan ya faɗa a hankali. Shekara guda ke nan da rasuwar mahaifiyar Amarya.

"To ai ban fasa ba, ga shi nan tas," in ji Sista. Ranta ya ɗan sosu da ba a gode mata ba.

Wata biyu Amarya tana gaishe ta da ladabi kamar kullum, amma dariyarta ta ɗauke. Abin ya hana Sista sukuni. Wata Asabar ta ɗauki jakarta ta bi Auta, ta zauna a kujerar baya.

Ranar a kan abinci ake magana. Malamin ya haska hoton wani tulu a bango, sai Sista ta ga irin na Amarya ne sak. Ya ce a wasu gidajen can, ruwan ɗanɗanon miya da ake yi da waken suya da gishiri gadonsa ake yi. Ba a barinsa ya ƙare. Duk sabon da aka haɗa, sai an zuba masa tsohon, don haka a tulu ɗaya akwai hannun uwa da na kaka da na kakar kaka. Uwa kan ɗibar wa 'yarta in za ta gidan miji.

Sista ta ɗaga hannu. "Malam, in aka zubar fa?"

"Ai ba a zubarwa, Mama."

"In an riga an zubar?"

"To, ya tafi ke nan."

Daga zauren kasuwa ta wuce. Ta sayi waken suya da gishiri, ta je ta dire su gaban Amarya, hawaye na bin fuskarta.

"'Yata, ban sani ba, kuma laifina ne da ban sani ba. Koya mini, mu haɗa wani."

Amarya ta daɗe tana kallon waken.

"Ni ma ban iya ba, Mama. Mahaifiyata ta ce sai na haihu za ta zo ta koya mini."

Ta goge idonta, ta ɗora wa Sista jaririyar a cinya, ta jingina kanta a kafaɗar tsohuwar. Ta yafe mata, amma yafiya ba ta mayar da ko ɗigo ɗaya cikin tulun ba. Jaririyar nan za ta girma ba ta taɓa ɗanɗana girkin da kakanninta suka adana mata ba.

Yanzu duk Asabar Sista ce ke fara isa zauren, a kujerar gaba, da littafi da biro.

Mai karatu, ƙauna kaɗai ba ta isa ba idan ba mu san abin da wanda muke ƙauna yake girmamawa ba. In an buɗe maka ƙofar sanin mutane, shiga tun kafin kyakkyawar niyyarka ta ɓata abin da ba ya gyaruwa.