Awon Kitse a Cadawa

"Kin yi ƙiba," in ji Madam mai awo, ta ɗora biro kan sunan budurwar da ke kan sikeli za ta soke.

Mata uku kaɗai za a ɗauka aikin tsaron daji a Cadawa, budurwar kuwa tun safe take layi. Ta sauko daga sikeli.

"Wa ya ce, Madam?"

"Takardar nan. Nauyinki ya fi ƙarfin tsawonki. A jikin ƴan matan ƙasar Tailan aka gwada ta, ba ta kuskure."

"Suna daka gero a can?"

Madam ta ɗauko ɗan awartakin awon kitse, ta kai shi bayan damtsen budurwar. Ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Shekara goma sha biyu damtsen nan yana murza tunkuza, yana jan guga a rijiya mai gaba ashirin. Babu abin tsunkula a jikinsa.

"Duk da haka, abin da takarda ta ce shi zan rubuta."

Budurwar ta gyara ɗaurin zani, ta durƙusa kamar mai gaida babba. Ta kama ƙafafun kujerar da Madam ke kai, ta miƙe da ita, da Madam, da takardar, ta dire su kan sikeli a hankali, yadda ake sauke cikakken tulu.

Allurar sikelin ta tsaya kan tamanin.

"To rubuta, Madam," ta ce, ko haki ba ta yi. "Ki ce musu kitse ne ya ɗauko ki."