Zoben Jan Ƙarfe

Kaftin Moussa ya tarar da ƙofar garajin a buɗe, amma ba ƙarar guduma ba ta inji. Injinan ban ruwa na manoman albasa suna jere a gindin bango, wasu a kwance da cikinsu a waje. Ajidan Alƙasum yana zaune a kan benci cikin farar riga, jar ƙasa ta bushe a takalmansa.

Kafin ya bar aikin soja da muƙamin ajidan ya koma gyaran injina a Tahoua, Alƙasum ne ke duba manyan bindigogi, kuma a hannunsa Moussa ya fara sanin igwa. Shi ya sa kaftin ɗin ya cire hula kafin ya gaishe shi. Tsohon ya amsa a taƙaice, bai tambayi iyali ba.

Moussa ya kwance wani ƙyalle a kan tebur. A ciki akwai guntun jan ƙarfe a lanƙwashe, kamar ɓarin munduwa.

Jiya, in ji shi, suna atisaye a dajin da ke arewa da garin Takanamat, harsashi ɗaya ya kauce daga filin harbi, ya faɗa kan hanyar da mutane ke bi. Wani mai babur ya mutu. Kafin sojoji su isa, mutanen ƙauye sun ɗauke gawar, har yanzu ba a ba shi sunan mamacin ba. Wannan guntun a inda harsashin ya faɗi aka tsince shi. Sajan Zakari, wanda ya saita igwar, yana tsare. Idan aka ce kuskuren saiti ne, kotu za ta yi da shi, ga mata da ƴaƴa.

"Ajidan, ni ban yarda da idona ba. Ka duba mini."

Alƙasum ya daɗe yana kallon guntun bai taɓa ba. Sannan ya tashi, ya wanke hannu, ya ɗauko gilashin da yake duba ƙananan ƙarafa da shi, ya fita inda haske yake.

Ya yi magana kamar mai maimaita darasin da ya gaji da shi. Cikin bututun igwa akwai tsagogi da ke murɗawa tun daga gindi har baki. A ƙugun harsashi kuma akwai wannan zobe na jan ƙarfe, mai laushi. Idan aka harba, tsagogin su kama zoben, su juya harsashin, juyin ne ke riƙe shi a kan hanya. Masu ƙira nagari sukan sa murɗin ya fara a hankali, don kada zoben ya ci wuya tun tashin farko. A bututu mai lafiya, zanen da ke fitowa a zoben yakan zama tsaf, kamar an ja shi da wuƙa.

Wani mai sayar da tayoyi a maƙwabta ya leƙo, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga kakin soja, ya koma.

Alƙasum ya juya guntun ya nuna da farce. Zanen a goge yake, gefensa a yage, jan ƙarfen ya shafe gefe guda kamar an murza danƙo. Ga kuma baƙin ƙuna a inda wuta ta sami hanya ta wuce.

Gindin tsagogin ya cinye, in ji shi. Harsashin ya yi tsalle kafin su kama shi, da suka kama sai suka kankare zoben maimakon su juya shi. Ya fita yana layi. Ko wa ya saita, ba zai je inda aka aike shi ba.

"Ke nan ba Zakari ba ne?"

"Ba shi ba ne. Ku auna cikin bututun, za ku gani. Kada a sake harba ta."

Moussa ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a bakin tebur. Ya ce tun jiya sajan ɗin bai ci komai ba, sai kallon bango. Alƙasum ya gyaɗa kai. Ya tambayi abu ɗaya kawai: a wane nisa da babur ɗin harsashin ya faɗi? Moussa ya ce dab da shi, mutumin da wuya ma ya ji ƙarar.

Tsohon ya sake gyaɗa kai. Ya naɗe guntun cikin ƙyallen da kyau, ya ɗaure, ya miƙa masa.

Da ya ga tsohon yana rufe garajin, Moussa ya ce bari ya rage masa hanya. A mota kaftin ɗin ne ke ta magana: yau zai sa a saki Zakari, zai kuma kawo ajidan gaban manya ya faɗi abin da ya gani. Abin da ya fi masa nauyi yanzu shi ne neman dangin mamacin, don bai san da wane baki zai yi musu gaisuwa ba. Alƙasum yana kallon titi, yana nuna kwana da hannu.

Suka shiga wani lungu, tsohon ya ce a tsaya. An kafa rumfa a ƙofar gida, maza suna zazzaune a tabarmi ba mai magana. Da suka ga tsohon, wasu suka miƙe.

Alƙasum ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Ba sai ka nema ba, kaftin, ka iso," ya ce. "Jamilu sunansa, ɗana ne. Da hantsi muka rufe shi."