Wa Ya Kashe Jan Dodo?

"Yaya, ki amsa laifinki kawai," in ji Shunsuke, yana nuna wa yayarsa Chiaki fuskar kwamfuta.

Hutun sabuwar shekara suka zo gidan mahaifiyarsu a garin Niigata. A wani tsohon akwati ya tsinci katin ajiyar wasan farautar dodanni da yake bugawa yana ɗalibi. Na'urar hannun da yake buga wasan da ita ta daɗe da mutuwa, sai ya kunna wasan a kwamfuta da manhajar da ke kwaikwayonta.

Sai ga mafaraucinsa na cikin wasan sanye da sulken fatar Jan Dodo, wanda sai an kashe dodon ake samu, alhali shi bai taɓa kayar da shi ba.

"Ni ko kunna abin ban iya ba," in ji Chiaki. "Kuma ka manta Mama ta ƙwace shi shekarar jarrabawarka? Shekara guda yana kulle a ɗakinta."

Ya yi tsaki, ya sake tunkarar dodon. Cikin minti biyu dodon ya shimfiɗe shi.

Mama ta ajiye musu shayi, ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Har yanzu ta gaba kake zuwar masa? Wutsiya ake fara sarewa. Matsa can, kada ka ɓata min suna."