Tsutsa a Idon Ladiyo

Tun da tsutsar ido ta bazu, doka ɗaya ce: duk idon da fitilar masu duba ta haska tsutsa a cikinsa, nan take ake ƙwaƙule shi.

Masu duba suna gidan maƙwabta, ihu na tashi, sai Hansatu ta ga abar tana rarrafe a farin idon 'yarta Ladiyo. Ta kayar da yarinyar, ta matse kanta tsakanin gwiwoyi, ta ƙona bakin allura a garwashi.

"Inna, riƙe min ƙafafunta!"

"Ke 'yar nan, makantar min da jika za ki yi?" in ji surukarta.

"In ban yi ba, su za su yi."

Ladiyo ta gantsara mata cizo a cinya. Hansatu ba ta saki ba, ta soka allurar, ta zaro tsutsar tana mutsu-mutsu cikin jini. Aka banko ƙofa. Babu inda za ta ɓoye ta, sai ta jefa ta baki.

Ɗaya daga cikin masu duba ya haska idon yarinyar. "Babu komai. Jinin nan fa?"

Hansatu ta haɗiye da ƙyar. "Ni na mare ta, ranka ya daɗe. Ba ta jin magana."