Waɗanda Suka Ƙi Zuwa

"Rubuta cewa sun ƙi ba da haɗin kai," in ji Farfesa, ya wurgo mini kundin digirina na biyu yana haki. "Majinyata goma sha biyu kika ɗauka, wata uku babu wanda ya taka na'urar nan. A yi wa mutane gata, su watsa maka ƙasa a ido!"

Na dubi sabon ɗakin bincikenmu. Na'urar koyon tafiya sai sheƙi take, ko ledarta ba a ɓare ba. Takardar koke huɗu na kai ofishinsa, ko ɗaya bai buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, taso ka faɗa musu da bakinka."

"Suna ina?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. "Inda suke duk Talata!" Na banke taga har gilashin ya yi ƙara.

Can ƙasa, a gindin bene, suna jere a kan kekunansu na guragu cikin rana. Matakala arba'in da biyu ne tsakaninsu da ɗakin da aka gina domin su, kuma babu wata hanyar hawa.

Farfesa ya leƙa.

"Waɗannan? Ai yanzu na wuce su. Na ɗauka..."

Wani tsohon direba a cikinsu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya hango mu. Ya ɗaga hannunsa mai lafiyar, yana miƙo wa Farfesa sadakar da ya jefa masa a cinya ɗazu.