Baƙon da Ya Zo Ganin Soro

Ayuba yana saman tsani yana korar jemagu da tsintsiya lokacin da wani baƙo ya tsayar da babur a ƙofar gida ya tambayi inda tsohon soro yake. Saura ƙiris ya faɗo don murna.

Kakan kakansu ne ya gina soron nan, kuma duk garin Tama ba wanda ya damu da shi sai Ayuba. Mutanen gari tulin ƙasa mai warin jemage suke ganinsa. Matarsa Zinariya ta mai da shi ɗakin ajiyar albasa. Wansa Hama kuwa, tun da ya dawo daga Abijan, ya rantse bayan girbi sai ya share wurin ya jera shagunan siminti. Ayuba ya yi roƙo, ya yi fushi, ya daina cin tuwon gidan Hama har sai da yunwa ta sasanta su. A ƙarshe ya hau mota ya tafi Tawa, ya kai kuka wani ofishin kula da kayan tarihi. Aka ce ya koma gida, za a turo mutum ya duba. In mutumin ya ce soron na tarihi ne, ko Hama bai isa ya taɓa shi ba, kuma Turawa masu yawon buɗe ido za su riƙa zuwa.

To ga shi an gama girbi, ga mutum ya zo. Hama ma ya tafi kasuwar Buza, ba mai ɓata masa zance. Ayuba ya ga lallai Allah yana sonsa.

Baƙon ƙato ne mai manyan takalma da baƙin tabarau. Da suka gaisa Ayuba ya ji tafin hannunsa da kaushi, ya ce a ransa haka masana suke, masu tonon kayan da. Nan take ya sa aka kama zabon da yake tattali tun bara.

Zinariya ta leƙo ta ce, "Malam, tsaya ka ji, mutumen ga hwa..."

"Ke, ana maganar tarihi! Tahi ki ɗora tukunya."

Ta dube shi, ta taɓe baki, ta tafi ta ɗora.

Da suka shiga soron sai Ayuba ya tarar ko ƙwayar albasa babu, an kwashe tas tun da safe. Ya ji kunyar tsawar da ya yi wa matarsa. Ashe ita ma ta fara sanin darajar wurin.

Ya shiga zuba labari. Ya ce a nan kakan kakansu ya ɓoye mutanen gari a zamanin yaƙi, da shanunsu da jakunansu, alhali soron ko awaki goma ba zai ɗauka ba. Ya ƙara wa ginin shekaru, da ya ga baƙon bai yi gardama ba ya sake ƙara masa. Shi dai baƙon sai zagaya soron yake. Yana ƙwanƙwasa bango, yana auna kaurinsa da hannu, yana ɗaukar hoto da waya.

"Mi ka riƙe da rufin ga?" ya tambaya.

Daɗi ya kama Ayuba, don wannan tambayar manya ce. Ya rungume ginshiƙin da ke tsakiya. "Wanga, yallaɓai. Shi ɗai na. In ya gusa, dut soron ya zamna ƙasa."

Baƙon ya gyaɗa kai, ya ɗauki hoton ginshiƙin sau biyu.

Ya ci zabo har ƙashi, ya sha fura, ya yi gyatsa. Ya ce shi dai tun da yake fita aiki ba a taɓa tarbarsa haka ba, wasu wuraren ma da jifa ake rako shi. Ayuba ya yi tsaki, ya ce jahilci ne ke damun mutane. Da baƙon zai tafi ya tsaya ya ƙare wa lungun kallo, ya ce gobe da hantsi zai dawo da babbar mota, amma yana tsoron hanyar ta yi mata ƙunci.

Babbar mota! Ayuba ya hango ta cike da Turawa, kowa da hularsa. Kafin la'asar ya tuge dangar gidansa, ya lallashi maƙwabci ya tuge tasa, ya sare reshen icen bedi da ya tokare lungun. Ya bi gida gida yana shela. Da Hama ya dawo daga kasuwa ya ga ƙanensa yana faɗaɗa hanya, gumi sharkaf, sai ido ya cika masa da ƙwalla. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ban zaci haka gare ka ba." Ayuba ya ɗaga kai sama. Yau ga Hama ya sauko.

Da hantsi lungun ya cika. Ayuba ya sha babbar rigar Sallah, ya ɗauko makaɗa, ya jera mata da ƙoren fura. Har tsofaffin da ke cewa soron matattarar macizai ne sun fito, kowa yana cewa da ma shi ya san wurin nan ba na banza ba ne. Zinariya ce kaɗai ta tsaya can nesa, haɓa a hannu.

Sai aka ji ruri daga bakin gari, ƙasa tana rawa. Ayuba ya ɗaga hannu, makaɗa suka saki kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa, shi kuma ya shige gaba yana taka rawa yana nuna hanya.

Babbar motar ta karyo kwana ta shigo lungun daidai wa daida, ko bango ba ta goga ba. Baƙon jiya ne zaune a sama da baƙin tabarau ɗinsa, yana ɗaga wa Ayuba hannu cikin fara'a, yana tuƙa katafilar rusau da Hama ya ɗauko haya daga Buza.