Maɓallin Dama

Inuwa ya sake danna maɓallin hagu. Humaira ta dafa gilashin da ke tsakaninsu kamar mai son riƙe shi.

Ƙa'idar gwajin ba wuya. A 'yar cibiyar binciken da ke bayan Tudun Wada, kan hanyar Falgore, so ake a gane yadda wanda maye ya kama yake yin zaɓi, a ɗakin mutane da a ɗakin dabbobi, sannan a gwama. Maɓallin hagu na sauko da kurɓin ruwan maye. Na dama na buɗe ƙofa zuwa wajen 'yan'uwa. Ɗaya ake ɗauka, ba a haɗawa.

Shi kuwa gogan naka tuni ya yi wa hagu mubaya'a. Idanu jajur, gashin baki na rawa. Gyaɗar da Humaira ta sayo masa a kasuwar Kafin Maiyaƙi ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Ki daina yi masa magana, kina ɓata mana sakamako," in ji Dakta Imran, shugaban binciken. "Kuma abin da aka gani a ɗaki ɗaya ba lallai ya tabbata a ɗayan ba."

"To, Dakta."

Yana ba da baya ta matso da bakinta jikin gilashi. "Ƙanina, danna dama. Wannan karon wallahi za a buɗe maka."

Ita ba sakamakon Dakta ne ya dame ta ba. Abu ɗaya take son sani: wanda ya yi nisa haka, in an buɗe masa hanyar komawa cikin nasa, zai dawo? Tambayar na biye da ita tun daminar bara, tare da wani bugun ƙofa da take ji ko a cikin sallah.

Ranar Laraba da hantsi Inuwa ya tsaya tsakanin maɓallan. Ya daɗe. Sai ya juya dama ya danna. Ƙofa ta buɗe, ya shige da gudu.

Dakta ya tarar da Humaira zaune a ƙasa tana kuka, ya ɗauka na murna ne, har da yi mata barka.

Bai san ƙaninta Inuwa, wanda maye ya kama, ya wuni cikin ruwan sama yana bugun ƙofar gidansu a Kiru ba, tana ciki riƙe da makulli, kashegari aka tsinci gawarsa a bakin rafi. Da ya sani, da bai taɓa yi mata dariyar sa wa farin ɓera suna Inuwa ba.